Yini Ɗaya a Asibiti, Kwana Ashirin a Gida

Jama'ar Gwandu da Kalgo, mutanen Kambaza da Dalijan da Malisa, mutanen Diggi da Dangoma, da duk wanda muryar nan ta riska a gida ko a gona ko a kan hanya, barkanmu da war haka.

Sharhinmu na yau a kan matar nan ne da ke riga kowa tashi. Kafin ladan ya kira assalatu ta hura wuta, ta ɗora ruwan zafi, ta dama kunu, ta tashi yara su yi shirin makaranta. Shekara ashirin, shekara talatin, haka take yi, ba wanda ya taɓa zama ya lissafa. Sai ranar da likita ya dubi takardar gwaji ya ce tana da ciwon dajin ƙwan mace, kuma za a fara yi mata ƙarin ruwan nan da ake kira kemo. Daga ranar nan gidan yana da tambaya biyu a gabansa: wa zai hura wutar, kuma wa zai kula da mai hura ta?

Abin da idona ya gani nake faɗa muku. Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta bi wannan hanya, kuma ni nake raka ta asibiti. Abin da na fara koya shi ne lissafin kwanaki. Yawanci ana yin kemon nan sau ɗaya duk mako uku, har sau shida. Ke nan a cikin kowane kwana 21, yini ɗaya ne take hannun likita da nas, sauran kwana 20 tana hannunmu. In ka haɗa zagaye shida, za ka samu yini shida a asibiti da wajen kwana 120 a gida. Likita yana da iliminsa, amma ba ya nan lokacin da amai zai taso mata da tsakar dare, ba ya nan lokacin da za a yanke shawarar ko a koma zagaye na huɗu ko a haƙura. Mu ke nan a wurin, kuma galibinmu ba a taɓa gaya mana abin da za mu yi ba.

Bari mu ɗan tsaya a kan ciwon tukuna. Kowace mace tana da ma'ajiyar ƙwai guda biyu a gefen mahaifa, ɗaya dama ɗaya hagu, kowace ba ta wuce girman dabino ba. Suna can ƙasan mara, a lungun da ƙari zai iya girma wata da watanni ba a gan shi ba. Alamominsa kuma irin waɗanda mace ke raina wa ne: kumburin ciki da ba ya saɓewa, ƙoshi da loma biyu ko uku, ciwon mara, yawan fitsari, rama alhali ciki yana ƙara girma. Gwaggo ta yi watanni tana shan maganin gyambon ciki daga kyamis. Wasu suka ce ciki ne ya kwanta, wasu suka fara raɗe-raɗin sammu. Ashe ruwa ne ke taruwa a cikinta. Shi ya sa a ko'ina a duniya yawancin mata sai ciwon ya yi nisa ake gano shi. Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mata sama da 324,000 ne suka kamu da shi, kusan 207,000 kuma suka rasu. Ranar 8 ga Mayu ta kowace shekara aka ware don tunawa da shi. A kula kuma, wannan daban yake da ciwon dajin bakin mahaifa. Rigakafin da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata a watan Oktoban 2023 na bakin mahaifa ne, haka ma gwajin da ake yi wa mata a asibitoci. Mace tana iya yin wancan gwajin a ce lafiyarta lau, alhali wannan yana nan a ɓoye. Don haka kumburin cikin da ya kai mako biyu zuwa uku bai tafi ba, a je a yi hoton ciki.

Maganinsa ƙafa biyu gare shi, aiki da kemo. Wata a fara yi mata aiki sannan kemo, wata a yi zagaye uku ƙarin ya motse, a yi aikin, a ƙarasa sauran ukun. Ruwan da aka fi sakawa iri biyu ne, carboplatin da paclitaxel, kuma shigarsu jiki kan ɗauki sa'o'i, don haka a tafi da guzuri da abin rufa. Aikinsu shi ne kashe duk ƙwayar halitta mai saurin hayayyafa. Ƙwayar ciwon daji tana cikin masu sauri, amma haka ma saiwar gashi, da fatar cikin baki da hanji, da ɓargon da ke ƙera jini. Wanda ya gane wannan ya gane dalilin kusan duk wahalar da zai gani a gida, kuma ba zai firgita ya ce maganin ne ke kashe ta ba.

Kwanakin nan ashirin ba iri ɗaya ba ne, kuma gidan da ya san tafiyarsu ya rage wa kansa rabin tashin hankali. Kwana biyu zuwa uku na farko na tashin zuciya ne. Ana ba da maganin hana amai, kuma kuskuren da muka yi a zagayen farko shi ne jira sai aman ya zo kafin a ba ta. A sha shi a kan lokacin da aka rubuta, ko da zuciyar ba ta tashi ba. Maganin yakan ɗaure ciki, saboda haka a yawaita ruwa, a kawo gwanda da miyar kuɓewa ko ta kuka, in abin ya ƙi a gaya wa likita. Daga kwana na biyu ko na uku sai ciwon gaɓoɓi da na ƙashi ya biyo baya, kamar an yi wa mutum duka, ya yi 'yan kwanaki ya lafa. A nan ne hannu ke saurin kaiwa ga ƙwayoyin ciwon jiki na teburin mai talla. Irin su ibuprofen da diclofenac suna iya taɓa ƙoda su kuma jawo zubar jini, ga shi ta ƙoda carboplatin ke fita daga jiki, har ma da ƙarfin ƙodar ake auna yawan wanda za a saka mata. Kada a ba ta ko ƙwaya ɗaya da likitanta bai sani ba.

Sai mako na biyu, wajen kwana na 7 zuwa na 14. Ku ba ni kunnuwanku a nan, don wannan ne wurin da ake rasa rai ba gaira ba dalili. A kwanakin nan fararen ƙwayoyin jini, wato sojojin da ke tare cuta, sun yi ƙasa sosai. Tana iya zama garau a ido, har ta ce a ba ta tsintsiya, amma ƙofar jikinta a buɗe take. Ƙwayar cutar da ni da kai za mu kwana biyu muna tari mu warke, ita tana iya kai ta kushewa cikin yini guda. Alamar farko zazzaɓi ce. Mu kuwa a ƙasar nan, musamman da damina, duk zafin jiki sunansa maleriya: a aiki yaro kyamis, a haɗiya farasitamol, a lulluɓa a jira gari ya waye. Ga mai kemo wannan jira ganganci ne. Kowane gida mai irin wannan majinyaciya ya mallaki ma'aunin zafin jiki. In ya nuna 38 ko sama da haka, ko tana rawar ɗari, a kama hanyar asibiti a lokacin, ko ƙarfe biyun dare ne, a kuma faɗa wa wanda aka tarar tun daga bakin ƙofa cewa tana kan kemo. Kada a ba ta farasitamol kafin a auna, don yana ɓoye zazzaɓin. Yana iya yiwuwa maleriyar ce da gaske, to a bari gwaji ya faɗa, su duba jininta gaba ɗaya. Haka nan in amai ko gudawa sun ƙi tsayawa, ko jini yana fita daga hanci ko dasashi, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi sama-sama, ko ciki ya cika tam ba bayan gida ba tusa, duk waɗannan na gaggawa ne. Tun da rana a san mai motar da za a buga wa waya da dare, a ajiye lambarsa da kuɗin mai a gefe.

Wannan ya kawo mu ga dubiya, kuma na san zan taɓa wurin da ke da zafi. Mu mutane ne masu zumunci, kuma addini ya kwaɗaitar da mu gaishe da marar lafiya. Da labari ya bazu, ɗakin Gwaggo ya cika maƙil: masu goyo, masu mura, masu tari, kowa sai ya kama hannunta, kowa da labarin wance da ta yi irin wannan ciwo ba ta tashi ba. Ita kuma kunya ta hana ta kwanciya, sai ta zauna tana amsa gaisuwa har la'asar, ta kwana tana nishi. Daga baya babbar 'yarta ta tsaya a ƙofa. In baƙuwa ta zo sai ta ce, “Inna, Allah ya saka da alheri, ta samu barci, ku yi mata addu'a daga nan.” Wasu sun ji haushi, amma na tabbata wannan tsayuwa tana cikin abin da ya kai ta ƙarshen maganinta. Mai son zuwa dubiya ya bari sai mako na uku, lokacin da jini ya fara dawowa. Ya wanke hannu, ya taƙaita zama, ya bar mai mura da ƙananan yara a gida, ya kuma bar labarin mutuwa a waje. Wanda yake son lada mai yawa ya zo da itace, ko jarkar ruwa, ko ya kwashi wankin yara ya tafi da shi. Biki da suna da kasuwa kuma a ɗaga mata su a mako na biyu, kada a ce ta yanke zumunci.

Abinci kuwa, kada a cika mata kwano a tsaya a kanta ana cewa sai ta cinye. Bakinta ya canza, nama yana yi mata ɗanɗanon ƙarfe, ƙamshin suya kaɗai yana iya tayar mata da zuciya. A ba ta kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a yini. Abin da jikinta ke nema yana cikin tukunyarmu: kunun gyaɗa, alale, dafaffen ƙwai, faten wake, kifi da ya dahu sosai, tuwon shinkafa mai laushi da miyar zogale. Ruwan citta mai ɗumi yana taimaka wa wasu wajen tashin zuciya. Abin da za a kiyaye shi ne duk abin da bai ga wuta ba ko ya daɗe a buɗe: nonon da ba a dafa ba, latas da kabeji ɗanye, tsiren da ya wuni a kan tire, yankakkiyar kankana ta bakin titi, ɗumamen da bai yi zafi har ciki ba. In tana marmarin fura, a dama mata a gida da madarar da aka tafasa ko yogot na kamfani. Ruwan sha a tafasa shi a rufe. A watannin bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin Kebbi yana haura digiri 40, mai amai kuma ruwan jikinta yana ƙarewa da wuri, don haka kofi ya zauna kusa da ita kullum. In baki ya yi gyambo, a rage yaji da tsami, ta riƙa kurkure shi da ruwan ɗumi da ɗan gishiri.

Ranar da ta fi kowace yi wa Gwaggo nauyi ba ta amai ba ce. Wajen mako biyu zuwa uku bayan zagayen farko, ta sa mataji a kanta, gashi ya biyo shi dam-dam. Ta rufe ɗaki ta yi kuka. Namiji yana iya cewa mene ne abin kuka a gashi alhali ana neman rai, amma macen da ta tashi da kitso da lalle da kwalli ta san abin da ta rasa, ga gira da gashin ido su ma suna bi. A gaya mata tun kafin ya faru, don kada ya zo mata ba shiri. Ta tsefe kitso, ta rage gashin da kanta, a tanadar mata ɗankwalin auduga mai laushi. A kuma gaya mata gaskiyar da za ta riƙe: gashin yana dawowa bayan an gama magani.

Maigida, yanzu da kai nake. Idonka ne madubinta a watannin nan. In ka shigo ka kau da kai, ta gani. In ka daina zama a ɗakinta, ta gani. Ciwon daji ba a ɗaukarsa ta kwano, ko ta shimfiɗa, ko ta numfashi, ko ta auratayya, don haka ware mata kofi da cokali kamar mai kuturta zalunci ne da jahilci ya haifa. Kiyayewar da ake bukata ƙarama ce: kwana biyun farko bayan kemo akwai ragowar magani a fitsarinta da amanta, sai a kora masai da ruwa sosai, mai gyara wurin ya sa safar hannu, mai juna biyu ta bar wa wata wannan aiki, a wanke tufafin da suka ɓaci daban. Sha'anin aure kuma ku tambayi likita tare, ba abin kunya ba ne a wurinsa. Ka sani in an cire mata mahaifa da ƙwai, al'ada za ta ɗauke, zafi zai riƙa taso mata, ranta zai riƙa ɓaci ba dalili, in kuma tana da sauran burin haihuwa to tana cikin makoki ne wanda ba a yi mata zaman gaisuwa ba. Wannan lokaci bai dace da zancen ƙarin aure a kunnenta ba, balle a ce ta tafi gidansu ta yi jinya sai ta warke ta dawo. Ita ta yi jinyar mahaifiyarka, ita ta yi jinyar 'ya'yanka. Abokiyar zama kuma, ki karɓi girkinta da zuciya ɗaya, ki haɗa yaranta da naki. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma na ga gidan da kishiya ce ta riƙe ƙwaryar amai har aka gama zagaye shida.

Akwai gajiyar da barci ba ya maganinta. Za ta tashi da safe kamar wadda ta wuni tana daka, kada wani ya kira wannan lalaci ko son jiki. Amma kwanciya wuni guda ma tana ƙara kashe jiki. Ɗan zagaya tsakar gida da sanyin safiya ko bayan la'asar yana taimakawa, kuma a bar mata ƙananan ayyukan da take so, kamar tsince shinkafa ko jan carbi da jikoki a gefe, don ta ji har yanzu gidan nata ne. Sai a lura da tafin hannu da na ƙafa. Paclitaxel yana taɓa jijiyoyi, yatsu su yi dindiris ko su riƙa tsira kamar allura. Mai irin wannan tana iya ɗaukar tukunya mai zafi ba ta ji ba, ko ta taka rairayin rana ko ƙaya ba ta sani ba. A nisanta ta da murhu da wuƙa, ta riƙa sa takalmi ko a tsakar gida, a kuma faɗa wa likita kafin zagaye na gaba, don yana iya rage maganin kafin abin ya zauna mata.

Ta ɓangaren ibada, Allah ya sauƙaƙa wa marar lafiya. Ta yi salla a zaune in tsayuwa ta gagara, ta yi taimama in ruwa zai cutar da ita, ta sha azumi ta rama in ta samu lafiya. Na ga mata suna dagewa sai sun yi azumi cikin kemo saboda kada a ce imaninsu ya yi rauni. Malamanmu, ku faɗa musu da bakinku a wurin tafsiri, don naku za su fi ji. Kuma mu a Gwandu ba baƙi ba ne ga haɗa addini da kula da jiki. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda hubbarensa ke garin nan, ya rubuta littafin Masalihul Insan a kan maslahar ɗan Adam ta addini da ta jiki. Addu'a da tofi ba sa karo da kemo, a yi su dare da rana. Inda matsala take shi ne jiƙe-jiƙe da sassaƙe da garin da ba a san abin da ke ciki ba, waɗanda ke iya wahalar da hanta da ƙodar da suke fama da kemo. Ƙaho da tsagar wanzami ma a dakatar da su, don jininta ba ya saurin tsayawa kuma ƙaramin rauni yana iya zama ƙofar cuta. Masu cewa maganin itace ya fi na bature, ku sani shi kansa paclitaxel daga ɓawon wata bishiya ta yammacin Amurka aka fara samo shi. Bambancin shi ne an shafe shekaru ana tace shi ana gwadawa har aka san ma'auninsa, kafin a amince da shi don wannan ciwo a 1992.

Yanzu ga babban ramin da ake faɗawa. Bayan zagaye na biyu ko na uku, ɗayan biyu kan faru. Ko dai cikin ya saɓe, ta fara cin abinci, sai a ce alhamdulillahi ta warke, a ajiye kati. Ko kuma ta rame, gashi ya zube, sai dangi su taru su ce ba za a ƙarasa ta da ruwan asibiti ba, a kai ta ƙauye. Ƙarshen duka biyun ɗaya ne: ciwon ya dawo, kuma sau da yawa ya dawo da taurin kai. Kafin kowane zagaye ana gwada jini, wani lokaci likita ya ce a ƙara mako guda ko a yi ƙarin jini tukuna. Wannan cikin tsarin yake, ba alamar an kasa ba ce. Samarin gida ku miƙa hannu ku ba da jini, kada a bar tsoho yana yawon neman na saye. Akwai kuma gwajin jini da ake kira CA-125, wanda likita ke bibiya don ganin ko magani yana ci. A sa yaro ɗan makaranta ya buɗe littafi, ya riƙa rubuta ranakun komawa, da sunan kowane magani, da zafin jiki, da tambayoyin da za a yi wa likita, don a gaban likita kan mutum yakan ɗaure. Wannan littafi ya cece mu fiye da sau ɗaya.

Amma in za mu faɗi gaskiya, abin da ya fi tsayar da magani shi ne aljihu. Ga kuɗin ruwan, ga na gwaji, ga na mota daga Gwandu zuwa asibitin Birnin Kebbi ko na Kalgo, wani lokaci har Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ga abincin mai jinya, duk mako uku. An sayar da tumaki, an jinginar da gona, an karya adashe. Jihar Kebbi ta yi abin a yaba a wannan fage. A lokacin da Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu take uwargidan gwamna, an samar da tsarin yaƙi da ciwon daji na jiha na 2019 zuwa 2023, da rajistar masu ciwon, da asusun tallafa wa marasa galihu, kuma a 2024 aka zaɓe ta ta zama shugaba mai jiran gado ta babbar ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta duniya mai hedikwata a Geneva. Sunan Kebbi ya kai can. Abin da muke roƙo shi ne amfanin ya kai ɗakin matar da ke Dalijan. Asusun tallafin ciwon daji na Gwamnatin Tarayya da aka fara a 2021 ya soma ne da ciwon nono, da na bakin mahaifa, da na mafitsarar maza, mai ciwon ƙwan mace ba ta cikin wannan lissafi na farko. Muna kira ga Mai Girma Gwamna Nasir Idris, Kauran Gwandu, da hukumar KECHEMA mai kula da inshorar lafiya ta jiha, su dubi waɗannan mata: magani ya samu a Kalgo da Birnin Kebbi ba yankewa, a kan farashin da talaka zai iya, a kuma ba kowace mai kemo lambar wayar da za ta kira da dare a ɗauka.

Kafin gwamnati ta motsa, mu ma muna da abin yi, kuma muna da gadonsa. Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa 'Yan Taru, matan da ake kira jaji suna jagorantar mata daga ƙauyuka don neman ilimi, kuma cikin ayyukan da aka san su da su har da kula da marasa lafiya. Matan Islamiyyun Gwandu da Kalgo, da ƙungiyoyi irin su FOMWAN, ku ne magadansu. Ku raba kwanaki a tsakaninku: wance ta kawo abincin ranar Litinin, wance ta raka ta asibiti, wance ta kai yara makaranta. Limamai da masu hannu da shuni, mai ciwon dajin da magani ya ci dukiyarta har ta shiga bashi tana cikin waɗanda zakka ta halatta gare su. Direbobin tasha, kujera ɗaya duk mako uku ba za ta karya ku ba. Mai jinyar ma a tuna da ita, a karɓe ta ta yi barci, don in ta faɗi majinyata sun zama biyu.

Gwaggo ta gama zagayenta shida. Gashinta ya fito, ta koma kitso, kuma har yau tana zuwa asibiti a duba ta a ranakun da aka sa mata, domin ciwon nan yana iya dawowa kuma ba a sakaci da shi. 'Ya'yanta mata da 'yan'uwanta sun san cewa wani lokaci yana bin jini, saboda haka duk likitan da suka je wurinsa suna gaya masa.

Mai sauraro, in akwai mai kemo a gidanku ko a maƙwabta, yau da dare ka ce a ɗauko maka katin asibitinta. Ka duba ranar komawa, ka tambaya ko kuɗin mota da na magani sun haɗu, ka kuma tabbatar akwai ma'aunin zafin jiki a ɗakin. In babu, gobe da safe ka sayo.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinya da alheri.